Yadda Ake Gano Lalacewar Bututun Ruwa Da Igiyar Matsi

Gano lalacewar bututu da igiyar matsi hanya ce da injiniyoyin ruwa ke bi don sanin inda bututun da ke binne ya huje, ko ya toshe, ko tsatsa ta cinye bangonsa, ba tare da an tona ƙasa ba. Ana aika wani ɗan motsi na ƙarfin ruwa cikin bututun, a saurari yadda zai dawo, sannan a lissafa wurin da matsalar take daga lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo. Asalin ilimin ya haura shekara 120. Sai dai a shekarun 1990 ne aka fara ɗaukarsa da gaske a matsayin kayan aiki, lokacin da na'urorin aune-aune da kwamfutoci suka kai ƙarfin da ake bukata.

Abin da ya sa batun ya wuce ɗakin gwaje-gwaje shi ne yawan ruwan da ke salwanta tsakanin matata da gidajen mutane. A rahoton da Bankin Duniya ya fitar a 2006, an ƙiyasta cewa kyubik mita biliyan 32 na ruwan da aka riga aka tace suna zurarewa ƙasa kowace shekara, wasu biliyan 16 kuma suna isa ga masu amfani amma ba a karɓar kuɗinsu. Kyubik mita ɗaya lita 1,000 ce, wato jarka 40 ta ɗan garuwa. Wani ƙiyasi na baya-bayan nan da Roland Liemberger da Alan Wyatt suka yi ya ɗaga jimillar zuwa kyubik mita biliyan 126 a shekara, wanda darajarsa ta kai kimanin dala biliyan 39. Ruwa ne da aka ɗebo daga kogi, aka zuba masa alam da kulorin, aka ƙona lantarki ko dizal wajen tura shi, sannan ƙasa ta shanye mafi yawansa.

Gudumar ruwa

Duk wanda ya taɓa rufe famfo da sauri ya ji bututu ya buga a cikin bango ya riga ya san tushen wannan ilimi. Ruwan da ke gudu yana da nauyi, kuma ba ya matsuwa sai kaɗan ƙwarai. Idan aka tare masa hanya farat ɗaya, ruwan da ke gaba yana tsayawa, na bayansa ya danno shi, bangon bututun ya ɗan kumbura. Wannan matsi ba ya zama wuri ɗaya. Yana komawa baya yana bin tsawon bututun, kamar yadda motoci ke tsayawa ɗaya bayan ɗaya idan ta gaba ta taka birki. Injiniyoyi suna kiran wannan bugu gudumar ruwa, matsin da ke tafiya kuma shi ne igiyar matsi.

Gudun igiyar ba shi da alaƙa da gudun ruwan kansa. Ruwa a bututun birni yakan yi mita ɗaya ko biyu a sakan, amma igiyar matsi tana tafiya da saurin sauti. A cikin ruwa tsantsa sauti yana cin kusan mita 1,480 a sakan. A cikin bututu gudun yana raguwa, domin bangon yana miƙewa yana shanye wani ɓangare na ƙarfin. A bututun ƙarfe yakan kai mita 1,000 zuwa 1,300 a sakan, a na roba kuwa yakan sauko zuwa tsakanin 200 da 500. Kaurin bango da faɗin bututu da irin abin da aka yi shi da shi duk suna da tasiri. Wannan bambanci shi ne ya sa hanyar take iya gano bangon da ya sirance, kamar yadda bayani zai zo.

Wanda ya fara auna lamarin a tsanake shi ne Nikolai Zhukovsky, masanin lissafi ɗan Rasha, wanda aka fi saninsa da aikinsa kan fukafukan jirgin sama. A ƙarshen ƙarni na 19 bututun ruwan birnin Mosko suna yawan fashewa, sai injiniyan da ke kula da gidan ruwan, Nikolai Zimin, ya nemi taimakonsa. A 1897 da 1898 aka shimfiɗa bututai masu faɗin inci 2 da 4 da 6, kowanne tsawonsa ya haura mita 300, a tashar tura ruwa ta Alekseevskaya. Aka riƙa rufe bawul da sauri ana rubuta abin da ma'auni ya nuna. Daga nan Zhukovsky ya fito da ƙa'idar da har yau take ɗauke da sunansa: ƙarin matsin da ake samu yana daidai da gudun igiyar idan aka ninka shi da yawan gudun ruwan da aka tsayar da kuma nauyin ruwan. A aikace, ruwan da ke gudun mita ɗaya a sakan cikin bututun ƙarfe, idan aka tsayar da shi nan take, yana haifar da ƙarin matsi kwatankwacin na tankin da aka ɗora a tsayin mita 100. Wani likitan Jamus, Johannes von Kries, ya riga shi kaiwa ga irin wannan lissafi a 1883, lokacin da yake nazarin bugun jini a jijiya, amma injiniyoyi ba su san da aikinsa ba sai daga baya. Ɗan Italiya Lorenzo Allievi ya faɗaɗa lissafin a farkon shekarun 1900.

Zhukovsky bai tsaya kan bayanin abin da ke fasa bututu ba. Ya lura cewa zanen da ma'auninsa ke fitarwa yana sauya kama idan akwai huji ko iska a wani wuri cikin bututun, ya kuma nuna cewa daga zanen ana iya lissafa wurin. Shawarar ta kwanta kusan shekara 90. A tsawon wannan lokaci hankalin injiniyoyi yana kan yadda za su kare bututu daga gudumar ruwa, ba su damu da abin da take faɗi ba.

Amsa-kuwwa a cikin bututu

Mutumin da ya yi kira a gaban dutse ya ƙirga lokacin da muryarsa ta ɗauka kafin ta dawo zai iya sanin nisan dutsen. Haka abin yake a bututu. Muddin bututun bai sauya ba, igiyar tana tafiya gaba abinta. Da zarar ta ci karo da wani abin da ya bambanta, sai wani ɓangarenta ya juyo baya, sauran ya wuce. Idan igiyar tana gudun mita 1,200 a sakan, aka ga amsarta ta dawo bayan sakan ɗaya da rabi, to ta yi tafiyar mita 1,800 zuwa da dawowa. Abin da ya maido ta yana nisan mita 900 daga ma'aunin.

Siffar amsar ita ke nuna irin matsalar. Huji yana barin wani ɓangare na matsin ya tsere waje, don haka amsarsa raguwa ce: layin da ke kan allon kwamfuta yana ɗan faɗuwa, girman faɗuwar kuma yana bin girman hujin. Toshewa akasin haka take. Laka ko tsatsar da ta taru, ko bawul ɗin da aka manta an bar shi rabi a rufe, suna maido da ƙarin matsi, layin ya tashi. Iskar da ta maƙale a wani tudu na bututun tana shanye igiyar kamar matashin kai, amsarta tana da girma kuma tana da jinkiri. Reshen da aka jona yana janye wani ɓangare na igiyar, ya riƙe shi, ya sake maido shi bayan ya kai ƙarshen reshen. Daga wannan jinkiri ana iya sanin tsawon reshen. Masu bincike a Jami'ar Perugia ta Italiya sun nuna a gwaji cewa ta haka ana iya gano reshen da aka jona ba da izini ba, har a ƙiyasta girmansa.

Mafi amfani ga hukumar da ke tsara kasafin kuɗi shi ne abin da hanyar ke faɗi game da bangon da bai huje ba tukuna. Inda tsatsa ta ci ƙarfe, ko simintin da aka shafe cikin bututun ya ɓamɓare, bangon yana yin laushi, igiyar tana rage gudu a wannan sashe, kuma tana maido da amsa a farkonsa da ƙarshensa. A jihar Ostireliya ta Kudu, masu bincike daga Jami'ar Adelaide, ciki har da Angus Simpson da Martin Lambert da Mark Stephens, sun gwada wannan a kan babban bututun ƙarfen da ke ɗauko ruwa daga kogin Murray a garin Morgan. Layin farko na wannan bututu, mai tsawon kilomita 359 zuwa Whyalla, an gama shi ne a 1944. Da yake mafi yawansa a saman ƙasa yake, an samu damar auna kaurin bangon kai tsaye, aka kwatanta da abin da igiyar ta nuna, wuraren da ta ce sun sirance kuma suka yi daidai da aunin. Ma'anar wannan ga masu riƙe da kuɗi a fili take. Maimakon a ba da kwangilar sauya bututu mai tsawon kilomita goma gaba ɗaya, ana iya sauya 'yan ɗaruruwan mitocin da suka ruɓe a bar sauran.

Ba da rufe babban bawul da ƙarfi ake tayar da igiyar gwaji ba, domin hakan zai iya fasa bututun da ake son dubawa. Yawanci akan buɗe ƙaramar kafa a gefen bututu ruwa ya riƙa fita, sannan a rufe ta cikin ƙiftawar ido. A Perugia, Bruno Brunone da Silvia Meniconi da abokan aikinsu sun ƙera wani ɗan tanki mai matsi da ake kaiwa wurin aiki a mota, a haɗa shi da bututu, a saki ruwa kaɗan ciki. Igiyar da ake samu ba ta wuce ta 'yan mitoci na tsayin ruwa ba, amma gefenta yana da kaifi, kuma kaifin shi ake bukata: igiyar da ta tashi a hankali amsarta ma a baje take dawowa, ba a iya tantance farkonta. Ma'aunin kuma dole ya zama mai sauri. Na'urorin da gidajen ruwa suka saba amfani da su suna rubuta matsi sau ɗaya cikin 'yan mintuna, alhali wannan aiki yana bukatar ɗaruruwa ko dubban aune-aune a sakan guda. Kuskuren kashi ɗaya cikin ɗari na sakan yana nufin kuskuren mitoci da dama a ƙasa, wato ramin da za a haƙa a wurin da ba shi ba.

Akwai wasu hanyoyin karanta saƙon ban da ƙirga lokaci. Igiyar ba sau ɗaya take zuwa ta dawo ba, tana ta kai-komo tsakanin tanki da bawul har ƙarfinta ya ƙare. Mai sayen tukunya a kasuwa yakan ƙwanƙwasa ta da yatsa: lafiyayya tana amo mai tsawo, mai tsaga kuwa amonta yana mutuwa nan da nan. Bututu mai huji ma haka yake, kai-komon igiyarsa yana saurin mutuwa, kuma a 2002 masu binciken Adelaide suka nuna yadda za a gane wurin hujin daga yadda sassan amon ke mutuwa ɗaya kafin ɗaya. Wata hanyar tana duban bututu kamar sarewa, wadda muryarta ke sauyawa gwargwadon kafar da aka buɗe. Wadda ta fi shahara a jami'o'i ita ce wadda James Liggett na Jami'ar Cornell a Amurka da Li-Chung Chen suka gabatar a 1994: a gina kwafin bututun a kwamfuta, a riƙa sa masa huji na ƙarya a wurare daban-daban, har sai zanen da kwamfutar ta fitar ya dace da wanda aka auna a fili. A takarda hanyar tana da kyau ƙwarai. A titi kuwa ta sha wahala, domin kwafin ba ya fin bayanan da aka ba shi inganci.

Fashewar da ke sanar da kanta

Duk abin da aka bayyana a sama gwaji ne da injiniya ke tayarwa da hannunsa. Akwai kuma sauraro na dindindin. A daidai lokacin da bututu ya fashe, matsi yana faɗuwa a wurin, kuma faɗuwar tana bazuwa ta ɓangarorin biyu da gudun sauti. Idan akwai ma'auni biyu a nesa da juna, waɗanda agogonsu ya daidaita ta tauraron ɗan'adam, bambancin lokacin isowar saƙon yana nuna wurin. A ce tsakaninsu kilomita 6 ne, igiyar tana cin mita 1,000 a sakan, saƙon kuma ya isa na farko sakan 2 kafin na biyu. Fashewar tana kilomita 2 daga na farko, kilomita 4 daga na biyu.

Kamfanonin man fetur sun daɗe suna amfani da wannan a dogayen bututansu, inda layi ɗaya ne miƙaƙƙe ba rassa. Raunin hanyar kuma sananne ne: tana jin abin da ya faru farat ɗaya ne kawai. Hujin da ya girma a hankali, ko ɓarawon da ya san aikinsa ya buɗe bawul sannu-sannu, ba sa tayar da igiyar da za a ji.

A ruwan birni, gwajin da aka fi ambato shi ne na Singafo. Daga 2008, hukumar ruwan ƙasar da masu bincike daga jami'ar MIT ta Amurka suka kafa ma'aunai a tsakiyar birnin a wani shiri mai suna WaterWiSe. Suna buɗe famfon 'yan kwana-kwana da sauri don kwaikwayon fashewa, na'urorin kuma suna nuna wurin da kuskuren 'yan gomman mitoci. Daga shirin aka kafa kamfanin Visenti, wanda Xylem ya saya a 2016. Amfanin irin wannan sauraro bai tsaya ga gano fashewa ba. Yana tona asirin masu tayar da gudumar ruwa a kullum, kamar masana'antar da ke rufe bawul da ƙarfi ko injin da ke tashi ba tsari, waɗanda bugunsu na yau da gobe ke gajiyar da ƙarfe har ya tsage.

Iyakar hanyar

Ya kamata a bambanta wannan da sauraron ƙarar yoyo, wanda ya fi tsufa kuma ya fi yaɗuwa. Ruwan da ke fita ta huji yana yin wani siririn sauti, ma'aikata kuma sun daɗe suna ɗora sanda a kan bawul su kara a kunne, galibi da tsakar dare. A ƙarshen shekarun 1970 aka fito da na'urar da ke kwatanta sautin daga wurare biyu ta nuna tazarar. Wannan na'ura tana aiki sosai a ƙananan bututun ƙarfe, amma a bututun roba da manyan bututai sautin yana mutuwa kafin ya yi nisa. A nan igiyar matsi ta fi ta, domin tana iya ratsa kilomitoci a gwaji ɗaya. Sai dai ba ta kai ta dacewa ba, don haka a aikace akan fara da igiya a san sashen, sannan a kawo masu sauraro su nuna inda za a sa diga.

Bututun roba yana da tasa matsalar. Roba ba ta komawa yadda take nan take bayan ta miƙe, tana jan lokaci, kuma hakan yana dusashe igiyar ya gurɓata siffarta. Dídia Covas ta Lisbon ta yi fice wajen shigar da wannan hali cikin lissafi a farkon shekarun 2000. Babbar matsalar dai ita ce rassa. A cikin unguwa kowace mahaɗa da kowane layin da ya shiga gida yana maido da tasa amsar, har su taru su zama hayaniyar da amsar ƙaramin huji ke ɓacewa cikinta. Ga shi kuma ruwan da ya fi yawan salwanta ba daga manyan fashe-fashen da ke cika titi yake fita ba. Waɗannan ana ganinsu, ana gyara su. Ƙananan yoyo a mahaɗai da layukan gidaje, waɗanda ke zuba wata da watanni ba wanda ya sani, su ne ke cin kaso mai tsoka, kuma igiyar matsi ba ta cika ganinsu ba. Maganinsu tsohuwar hanya ce da Birtaniya ta tsara a farkon shekarun 1980: a raba birni ƙananan yankuna, kowanne da mitarsa a bakin shiga, a duba ruwan da ke shiga tsakanin ƙarfe 2 da 4 na dare lokacin da mutane ke barci. Abin da ya wuce kima a wannan lokaci ƙasa ce ke sha.

Biranen da suka ci nasarar wannan yaƙi ba da na'ura ɗaya suka ci shi ba. Tokiyo ta sauko da asararta zuwa kusan kashi 3 cikin 100 bayan shekaru masu yawa na sauya bututu da sauraron dare. Phnom Penh, babban birnin Kambodiya, tana asarar kashi 72 cikin 100 a 1993, lokacin da Ek Sonn Chan ya karɓi ragamar hukumar ruwanta. Cikin kimanin shekara 15 asarar ta koma ƙasa da kashi 10, ta hanyar sa mita a kowane gida, da sauya tsofaffin bututai, da ma'aikatan gyara da ke aiki dare da rana, da tilasta wa manya biyan kuɗin ruwa. Ingila da Wales kuwa, duk da kayan aikin da suke da su, har yanzu suna asarar kusan lita biliyan 3 a rana, kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da suke turawa.

Inda ruwa ke zuwa yana ɗaukewa

Dukan lissafin da aka kawo ya ginu ne kan sharaɗi guda: bututu cike yake da ruwa, ruwan kuma yana da matsi. A mafi yawan biranen Nijeriya wannan sharaɗi ba ya cika. Ana ba unguwa ruwa na 'yan sa'o'i, a ɗauke, bututun ya tsiyaye, iska ta maye gurbi. Idan ruwan ya dawo ba duk iskar ke fita ba. Iska kuwa, ko da kashi ɗaya cikin ɗari ce ta abin da ke cikin bututun, tana iya rage gudun igiyar zuwa ƙasa da rabi, kuma yawanta yana sauyawa daga rana zuwa rana. Idan ba a san gudun ba, ƙirga lokaci ba shi da amfani.

Wannan ɗauke-ɗauke yana da illar da ta fi ɓata gwaji. Bututun da ke da matsi yana tura ruwa waje ta huji, wanda asara ce amma ba cuta ba. Bututun da ya wofinta yana zuƙo abin da ke kewaye da shi ta wannan hujin, kuma a unguwanni da yawa layin ruwa a cikin kwata yake kwance. Ɗaukewar lantarki ma tana yin irin wannan: idan injin tura ruwa ya tsaya ba zato, igiyar raguwar matsi tana bin layin, a wuraren tudu matsin ya faɗi ƙasa da na iskar waje, ƙazanta ta shiga, sannan ruwan ya dawo da bugun da ke iya raba mahaɗa. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Nijeriya ta lissafa mutane sama da 111,000 da ake zargin sun kamu da kwalara, fiye da 3,600 suka rasu, jihohin Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Kwalara tana da hanyoyi da yawa, rijiya da rafi da abinci duk suna ciki, amma bututu mai huji da babu matsi a cikinsa yana daga cikin waɗanda aka daɗe da sani.

Sharaɗi na biyu shi ne taswira. Kano ta fara samun ruwan famfo daga Challawa tun farkon shekarun 1930, kuma kamar kowane tsohon birni, an yi ta ƙara layi a kan layi, ƙarfe da asbesto da roba, wasu a ƙarƙashin titunan da aka faɗaɗa daga baya. Na'ura za ta iya cewa akwai wani abu a mita 900, amma sai an san abin da ya kamata ya kasance a wurin kafin a ce huji ne ko tsohon reshe ne da aka manta da shi.

Duk da haka akwai wurin da hanyar ta dace da ƙasar, wato manyan layukan da ke ɗauko ruwa daga madatsa ko matata zuwa tankunan gari. Su dogaye ne, rassansu kaɗan ne, kuma sun fi daɗewa a cike. Bututun ƙarfe mai faɗin mita 3 da ke kai ruwa daga madatsar Gurara zuwa ta Usuma ta Abuja, tsawon kusan kilomita 75, irin wannan layi ne, haka ma layukan da suka taso daga Tamburawa zuwa Kano ko daga sabuwar matatar Zariya. Lalacewa a irin waɗannan tana hana unguwanni da yawa ruwa a lokaci guda. A kansu ko ɗaukewar lantarki tana iya zama gwaji na kyauta, domin injiniyoyin Perugia sun yi amfani da igiyar da tsayawar inji ke tayarwa wajen duba manyan layuka. Abin da ake bukata shi ne ma'auni mai sauri da ke kunne a lokacin.

A tsarin Nijeriya samar da ruwan birane aikin hukumomin ruwa na jihohi ne, gwamnatin tarayya kuma ta fi kula da madatsai. Binciken Bankin Duniya na 2017 ya nuna cewa mazauna birane masu famfo a gida sun ragu daga kusan kashi 30 cikin 100 a 1990 zuwa ƙasa da kashi 10 a 2015, kuma a watan Nuwamba na 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ruwa da tsafta. A tsawon waɗannan shekaru an buɗe matatu da dama. Sabuwar matata tana da allon suna da ranar buɗewa da hoton gwamna, gyaran mahaɗa a ƙarƙashin titi kuwa ba ya shiga fastar zaɓe, don haka ba abin mamaki ba ne kasafin kuɗi ya karkata ga na farko. Sai dai ƙarin ruwa a tsohon layi yana ƙara matsi, ƙarin matsi kuma yana ƙara abin da ke fita ta kowane huji. Alƙaluman da ke nuna gaskiyar lamarin guda biyu ne, litar da ta bar matata a wata da litar da aka rubuta wa takardar biya, kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 an yi ta ne don neman irin waɗannan takardu. Hukumar da ba ta da mita a bakin matatarta ba za ta iya ba da na farkon ba, balle ta nuna bambancin.